Shekarun da iri ya ƙi zama: lamarin ƙumbar teku a Tekun Wadden na Holan

Wurin da sana'ar, kafin 1988

Tekun Wadden ruwa ne marar zurfi da ke kwance tsakanin gaɓar arewacin Turai da jerin tsibiran da suka tare mata Tekun Arewa. Ya taso daga garin Den Helder na ƙasar Holan, ya bi gaɓar Jamus, ya tuƙe a Danmak, tafiyar kusan kilomita 500. Sau biyu tsakanin yini da dare ruwan yakan janye ya bar filin yashi da taɓo iya ganin ido, bayan wasu sa'o'i ya dawo ya rufe. Ɓangaren Holan kaɗai wannan bayani ya shafa.

Ƙumbar teku, wadda masana ke kira Mytilus edulis, halitta ce mai ɓawo biyu baƙaƙe masu ratsin shuɗi, da tsoka a tsakiya. Idan ta girma ba ta yawo. Takan fitar da wasu zaruruwa masu ƙarfi ta ɗaure kanta a jikin dutse, ko tsohon ɓawo, ko 'yar'uwarta, ta ɗan buɗe baki tana tace ruwa tana cin ƙananan tsirran da ido ba ya gani. Da haka miliyoyinsu kan sarƙe su zama shimfiɗa guda, taɓo na taruwa a ƙarƙashinsu har wurin ya yi tozo ya ɗara filin da ke kewaye. Shimfiɗun kashi biyu ne. Akwai na kan fili, waɗanda ke bayyana idan ruwa ya janye, akwai kuma na cikin kwazazzabai, waɗanda ruwa ba ya taɓa barinsu. Taswirar da aka zana a ƙarshen shekarun 1970 ta nuna na kan fili sun kai kimanin hekta 4,000.

Masu sana'ar noman ƙumba ba su kai kamfani 100 ba, galibinsu na iyali ne daga lardin Zeeland a kudu maso yammacin ƙasar, daga garuruwa irin su Yerseke da Bruinisse. Ba sa ƙyanƙyasar ƙumba. Sukan je inda ƙanana suka sauka da kansu, su kwaso su da koma mai bakin ƙarfe da jirgi ke ja a ƙasan ruwa, su kai gonakin ƙasan teku da suke haya daga gwamnati, su watsa. Ƙananan nan su suke kira iri. Bayan shekara biyu zuwa uku, idan tsawon ƙumba ya kai santimita 5 zuwa 6, sai a kwashe a kai gwanjo a Yerseke, mafi yawanta kuma a Beljiyam ake cinyewa. Da can a ruwan Zeeland kawai ake noman. Wajen 1950 wani ƙwaron ciki mai suna Mytilicola intestinalis ya bazu a gonakin can, ƙumba ta yi ta mutuwa, sai manoman suka nemi filaye a yammacin Wadden, wanda daga nan ya zama babbar gonarsu kuma rumbun irinsu. A shekara mai albarka ƙasar kan sayar da wajen tan 100,000.

Yadda take haihuwa

Akwai mace, akwai namiji, amma ba sa kusantar juna. A watannin zafi, lokacin da abinci ya wadata a ruwa, ƙumba takan tara ajiya a jikinta, wani nau'in sitaci da ake kira gilaikojin. Idan hunturu ya shigo, yini ya gajarta, tsirran ruwa suka yi ƙaranci, da wannan ajiyar take gina ƙwai ko maniyyi, kuma da ita take rayuwa. A Afrilu da Mayu, da ruwa ya fara ɗumi ya kai wajen digiri 10, sai maza da mata su saki abin da suka tara kusan lokaci guda, ya haɗu a cikin ruwa. Mace ɗaya na zubar da miliyoyin ƙwai, kowanne bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba.

Abin da ke fitowa wata 'yar tsutsa ce mai iyo, wadda igiyar ruwa ke kai ta inda ta ga dama na tsawon mako 3 zuwa 5. Idan ta kusa kashi ɗaya cikin uku na milimita sai ta nemi wurin sauka. Ba ta son yashi tsirara. Abu mai gashi-gashi take nema, gansakuka ko zaruruwan manyan ƙumba, inda za ta maƙale. Daga ranar da ta sauka har ta kai milimita kaɗan, duk mai baki a ƙasan ruwa abokin gabanta ne, musamman 'ya'yan jatan lande da 'ya'yan ƙaguwa, waɗanda su ma a watannin nan suke cika filayen.

Saboda haka saukar iri ba ta taɓa zama abin da ake samu daidai wa daida kowace shekara ba. Wata shekarar ƙasan ruwa ya yi baƙi ƙirin da iri, wata shekarar a neme shi a rasa. Masunta sun daɗe da lura cewa iri ya fi zama bayan hunturu mai tsanani, kamar yadda aka gani a 1979.

1988 zuwa 1991: hunturu uku ba sanyi

Hunturun 1985 da 1986 da 1987 sun yi tsanani. Magudanan ruwan lardin Friesland sun daskare har aka yi shahararren tseren ƙanƙara na garuruwa 11 shekara biyu a jere, 1985 da 1986. A 1987 iri ya sauka da yawa. Daga nan yanayi ya juya. Hunturun 1988 da 1989 da 1990 suka zo babu sanyin kirki, kuma a duka shekarun uku ba a samu saukar iri ta a-zo-a-gani ba.

Gona kuwa ba ta jira. Da irin cikin kwazazzabai ya ƙare, jiragen suka riƙa hawa kan fili idan ruwa ya cika, suna kwasar shimfiɗun da suka yi shekara da shekaru a wurin, manya da ƙanana. Jiragen da ke zuƙo wata 'yar'uwar ƙumba mai zagayayyen ɓawo, wadda 'yan ƙasar ke kira kokkel, su ma suna nasu aikin a filayen. Guguwar 25 ga Janairun 1990 da waɗanda suka biyo bayanta a Fabrairu suka ɗebe wani kaso na abin da ya saura. Lamarin ya zama kamar na manomin da fari ya matsa wa har ya daka irin da ya rataye a rumbu. Zuwa farkon 1991 da ƙyar ake samun shimfiɗar ƙumba a kan filayen Wadden na Holan.

Tsuntsaye ne suka fara nunawa. Agwagwar teku da Turawa ke kira eider, wadda ke haɗiye ƙumba da ɓawonta, ta mutu da yawa a wannan tsakani. Wani tsuntsun bakin ruwa mai dogon jan baki, scholekster a bakin 'yan ƙasar, ya koma kan wasu dangin ƙumba da ke binne cikin yashi, ya rage su ƙwarai. Yawan wannan tsuntsu a lokacin hunturu, wanda ya haura 250,000 a shekarun 1980, ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da 200,000. Masu bincike biyu na cibiyar nazarin teku ta Holan, NIOZ, da ke tsibirin Texel, wato Jan Beukema da Gerhard Cadée, sun lura da wani abu kuma: da masu tace ruwa suka ɓace, ƙananan tsirran ruwa sun yi yawa fiye da yadda aka saba gani. Abin da manoman suka kai gwanjo a kakar 1991 ya faɗi zuwa kusan rabin na shekarun albarka.

1993 zuwa 2003: rufe fili da keɓe wa tsuntsaye abinci

Matakin farko na gwamnati ya zo a 1993. Aka rufe kashi 26 cikin 100 na filayen, ba kamun ƙumba ba na kokkel. Aka kuma kafa ƙa'idar cewa a shekarar ƙaranci sai an bar wa tsuntsaye kashi 60 cikin 100 na abincin da aka ƙiyasta suna buƙata kafin jirgi ya taɓa sauran. Daga baya aka sa burin dawo da shimfiɗu masu ɗorewa na hekta 2,000 zuwa 4,000. A aikace, daga wannan lokaci kwasar iri a kan fili ta kusa tsayawa gaba ɗaya, sana'ar ta koma dogaro da kwazazzabai.

Farfaɗowar ba ta zo da sauri ba. A 1994 iri ya sauka sosai, amma guguwar hunturun da ya biyo baya ta share mafi yawansa, don sabuwar shimfiɗa a kan taɓo mai laushi take zaune, ba ta da tushe. A 1997, shekara shida bayan rushewar, abin da ke kan fili bai kai hekta 200 ba. Sai da irin 1999 da na 2001 suka sauka, musamman a gabashin tekun, sannan adadin ya tashi zuwa wajen hekta 2,000. Yammaci ya daɗe a baya.

Ƙa'idar keɓe abinci kuwa ba ta hana mutuwa ba. A hunturun 1999 zuwa 2000 aka ƙiyasta agwagin eider kimanin 21,000 sun mutu, galibinsu a rame. Babban binciken da gwamnati ta sa aka yi, wanda aka kammala a 2003, ya gano inda lissafin ya karkace. An auna abin da cikin tsuntsu ke ɗauka ne kawai, alhali tsuntsu ba ya iya cin duk abin da ke ƙasa: wata ƙumbar ta yi ƙanƙanta, wata ɓawonta ya yi kauri, wata tana wurin da ruwa ba ya daɗewa a janye. Abin da ya kamata a bari ya ninka abin da ciki ke ɗauka sau biyu da rabi zuwa uku.

A 2001 an gwada wata hujja da masunta suka daɗe suna kafawa, cewa idan aka rage cunkoson sabuwar shimfiɗa da koma, wadda ta saura za ta fi kama ƙasa ta jure guguwa. Aka kwashe wasu wurare aka bar wasu. Gwajin bai nuna cewa waɗanda aka rage sun fi ɗorewa ba.

Shekarun 1990: a ina irin yake salwanta?

Yayin da ake wannan ja-in-ja, masu bincike na bin wata tambaya dabam: me hunturu marar sanyi ke yi wa haihuwar ƙumba? Sun yi sa'ar samun tarihi mai tsawo. Tun wajen 1970 Beukema da abokan aikinsa ke zuwa filin Balgzand, kusa da Den Helder, suna ɗibar taɓo a wurare 15 da ba sa canzawa, sau biyu a shekara, suna ƙirga duk abin da ke ciki. Zafin ruwan mashigar Marsdiep kuma ana auna shi tun 1861, kuma ma'aunin ya nuna ya ƙaru da kusan digiri ɗaya da rabi daga shekarun 1980 zuwa farkon wannan ƙarni.

Zato na farko ya faɗa kan uwa. Ƙumba ba ta da zafin jiki nata na kanta, zafin ruwa ne nata. Idan hunturu ya yi ɗumi jikinta ba ya lafawa, yana ci gaba da ƙona ajiya, ga shi babu abinci a ruwa saboda ƙarancin hasken rana. Don haka takan fito daga hunturu mai ɗumi a rame fiye da yadda take fitowa daga mai sanyi. Tun a shekarun 1970 Brian Bayne da abokan aikinsa a Plymouth ta Ingila suka nuna cewa uwar da zafi da yunwa suka wahalar tana yin ƙwai masu ƙarancin mai, tsutsotsinsu kuma ba sa girma da kyau. Pieter Honkoop na NIOZ ya gwada abin a manyan kwatamai, wasu an sanyaya ruwansu wasu ba a sanyaya ba. Ramar ta tabbata. A wata ƙaramar dangin ƙumba mai suna Macoma balthica yawan ƙwai ya ragu sosai bayan hunturu mai ɗumi. Amma da aka kwatanta yawan ƙwan da aka zuba da yawan ƙananan da suka rayu zuwa ƙarshen watannin zafi, sai aka ga bambancin ƙwai ɗan kaɗan kawai yake bayyanawa daga bambancin shekara da shekara. Halittar da ke zubar da miliyoyi, ko ta rage rabi, ruwa na cike da 'ya'yanta.

Zato na biyu ya fi ƙarfi, kuma magana ce ta wa ya riga wa isowa. Jatan lande da ƙaguwa sukan koma ruwa mai zurfi da hunturu. Idan sanyi ya yi tsanani, haihuwarsu da girman 'ya'yansu kan yi jinkiri fiye da na ƙumba. A tsibirin Sylt na Jamus, Matthias Strasser da Carmen-Pia Günther sun ga tsutsotsin ƙaguwa sun makara da mako 6 zuwa 8 bayan tsananin hunturun 1995 zuwa 1996, alhali na dangin ƙumba jinkirinsu bai kai haka ba. Makonnin nan su ne ran iri. Kafin masu cinsa su iso ya yi girman da bakinsu ba zai ɗauka ba. Bayan hunturu mai ɗumi kuwa, 'ya'yan jatan lande sun riga sun cika fili suna jira tun kafin tsutsar ƙumba ta sauka. Ƙidayar Balgzand ta shekaru da dama ta bi wannan layi: hunturu mai ɗumi, jatan lande da yawa a Mayu, iri kaɗan a Agusta.

Akwai abu na uku, wanda kwasar 1990 ta jawo. Tsohuwar shimfiɗa ita ce masaukin sabon iri: a zaruruwanta yake maƙalewa, a loko-lokonta yake ɓuya. Da aka kwashe iyayen, masaukin 'ya'yan ma ya tafi.

2004 zuwa 2008: magana ta koma kotu

Ƙungiyoyin kare muhalli biyu, Waddenvereniging da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Vogelbescherming, sun kai ƙarar izinin zuƙo kokkel, shari'ar ta kai har Kotun Tarayyar Turai. A ranar 7 ga Satumban 2004 kotun ta yanke cewa a wurin da dokar Turai ta keɓe, ba a ba da izinin irin wannan aiki sai an bincika an tabbatar, ba tare da sauran shakka mai tushe a ilimi ba, cewa ba zai cutar da wurin ba. Nauyin kawo hujja ya koma kan mai neman izini ke nan. Daga 1 ga Janairun 2005 aka haramta zuƙo kokkel da inji a Wadden.

Masu ƙumba sun tsira a wannan zagaye, amma irin kwazazzabai ma ya yi ƙaranci a shekarun nan. A 2006 abin da ƙasar ta samar bai wuce wajen tan 30,000 ba, 'yan kasuwar Yerseke suna cike gurbi da ƙumbar da ake shigowa da ita daga Ireland da Birtaniya. A Fabrairun 2008 kotun ƙoli mai duba hukunce-hukuncen gwamnati, Raad van State, ta soke wani izinin kwasar iri, ta ce ba a kawo isasshiyar hujjar cewa koma ba ta ɓata ƙasan kwazazzaban ba. Sana'ar ta ga bakin rami. A Oktoban wannan shekara ma'aikatar gona a ƙarƙashin minista Gerda Verburg, da ƙungiyar manoman ƙumba, da ƙungiyoyin muhalli suka sa hannu a yarjejeniya: ƙungiyoyin za su daina zuwa kotu, manoman kuma za su bar kwasar iri daga ƙasa mataki-mataki, gwargwadon yadda suka samu wata hanya, da niyyar gamawa a 2020.

2005 zuwa 2015: hanyoyin da ba su kai ba

An gwada ƙyanƙyasa a ɗaki. Wani shiri na Tarayyar Turai daga 2005 zuwa 2007 ya nuna ana iya sa ƙumba ta zuba ƙwai a tanki, a reni tsutsotsin da tsirran ruwan da aka noma musu. Ilimin ya yi aiki, lissafin kuɗi ne ya ƙi. Ƙumba abinci ne mai araha, gonakin kuma miliyoyin kilo na iri suke sha kowace shekara.

An gwada dasa shimfiɗa da hannu. Shirye-shirye biyu, Mosselwad da Waddensleutels, sun zuba ƙumba a kan filayen da a da suke da shimfiɗu, wasu wuraren a kan tabarmin zaren kwakwa. Cikin watanni kaɗan kusan duk ta ɓace. Hélène de Paoli da abokan aikinta sun gano babban dalili: ƙumbar da aka ɗebo daga cikin kwazazzabo ba ta saba da dukan raƙuman ruwa ba, zaruruwanta ba su da ƙarfin na wadda ta tashi a kan fili, sai ruwa ya kwashe ta. Tabarmin ma yashi ya binne. Amma wani ƙaramin gwaji a cikin ɗaya daga shirye-shiryen, na Tjisse van der Heide da abokan aikinsa, ya fito da abu mai amfani. Sun kafa kejina a kan fili, wasu da abin maƙalewa wasu babu, wasu a rufe wasu a buɗe. Iri ya zauna da yawa ne kawai inda abubuwa biyu suka haɗu: akwai abin kamawa, kuma an tare masu ci. Ashe tsutsotsin na nan a ruwa, ko a wuraren da aka ɗauka sun mutu.

Rufe kwazazzabai shi kaɗai ma bai ba da abin da aka zata ba. Shimfiɗar farko da aka rufe a 2009, a wurin da ake kira Vlieter, cikin 'yan shekaru tauraron teku, wata halittar ruwa mai hannuwa biyar da ke cin ƙumba, ya cinye mafi yawanta. Wani dogon bincike da ya kwatanta wuraren da ake kwasa da waɗanda aka bari ya nuna cewa kwasar farkon shekara tana barin tabon da ake iya aunawa na wani lokaci, amma shimfiɗu da yawa sukan ɓace ko an taɓa su ko ba a taɓa ba. Waɗanda suka fi daɗewa su ne na kusa da madatsar Afsluitdijk, wadda aka gama a 1932, inda ake sako ruwan daɗi daga tafkin IJsselmeer. Ƙarancin gishiri wahala ne ga ƙumba, yana rage mata girma, amma tauraron teku ya fi ta kasa jurewa. Wahalar da take sha a nan ita ke tsare ta.

2009 zuwa 2020: igiya a tsakiyar ruwa

Hanyar da ta karɓu mai sauƙin fahimta ce. A watan Maris zuwa Afrilu, kafin ƙumba ta zuba ƙwai, sai a rataya igiyoyi masu gashi ko raga a ƙarƙashin dogayen bututu ko tuluna masu iyo, yadda ba za su taɓa ƙasa ba. Tsutsar da ke neman masauki sai ta samu abin kamawa a tsakiyar ruwa, nesa da yawancin masu cin ta. Daga Yuli zuwa Oktoba a karkare irin da inji, a kai gona, kafin Nuwamba a kwashe kayan saboda guguwa. An fara gwada wannan tun farkon shekarun 2000, yarjejeniyar ce ta mayar da shi sana'a.

Igiya ta ba da iri kowace shekara, har a shekarun da ƙasa ba ta ba da kome ba. Zuwa ƙarshen shekarun 2010 ana samun kilo miliyan 15 zuwa 20 a shekara ta wannan hanya. Sai dai tsadar irin igiya ta ninka ta irin koma sau da dama, ga kayan aiki, ga ma'aikata, ga wurin kafawa da ake takaddama a kai da masu kamun jatan lande. Ɓawonsa kuma ya fi siranta, don haka da an watsa shi a gona ƙaguwa da tauraron teku sukan yi masa caa. Binciken Jacob Capelle ya nuna kaso babba na mutuwa a makonnin farko bayan watsawa, musamman inda aka jibge shi da yawa wuri guda, kuma baza shi da kyau na rage asarar.

A kan fili, inda aka daina kwasa, shimfiɗun sun dawo da wata fuska. Kawar Japan, wata dangin ƙumba mai kaurin ɓawo wadda aka shigo da ita Zeeland a 1964 bisa zaton sanyin ruwan ba zai bar ta ta haihu ba, ta haihu, an gan ta a Texel a 1983, daga baya ta mamaye shimfiɗu da yawa. Ƙumba na zama a tsakankanin kawar, ta samu mafaka daga ƙaguwa da tsuntsaye, amma ba ta yin ƙiba kamar da. A 2016 iri ya sauka da yawan da aka daɗe ba a gani ba, kuma bayan hunturu mai ɗumi ƙwarai, har ƙidayar 2017 ta kusa hekta 4,000 kafin ta sake sauka. Wa'adin 2020 bai cika ba. A ƙarshen wannan shekara ɓangarorin suka sabunta yarjejeniya, suka ɗage ƙarshen kwasar ƙasa zuwa 2029, da sharaɗin sana'ar za ta iya ɗaukar nauyin.

Hukunci

A ganina ɗumin hunturu ne ya buɗe ƙofar, amma ba shi ya rushe shimfiɗun ba. Shekara uku babu iri abu ne da ƙumba ke iya jurewa, don takan rayu shekaru da yawa kuma shimfiɗa tsohuwa na jiran shekarar albarka. Abin da ba ta iya jurewa shi ne a kwashe iyaye da masauki a daidai waɗannan shekarun. Hukuma ce ta fi cancantar zargi a nan fiye da mai jirgi, don mai jirgin da ya bar shimfiɗa a 1990 maƙwabcinsa ne zai kwashe.

Ɗumin ya taɓa haihuwar ta wurare biyu, kuma wanda aka fara zato, ramar uwa da raguwar ƙwai, shi ne ƙarami. Babban yana makonnin farko bayan sauka. Duk matakin da ya tsallake wannan gaɓar ya sha wuya: ɗakin ƙyanƙyasa ya kashe kuɗi wajen samar da tsutsar da teku ke bayarwa kyauta, dashe kuma ya kawo manyan ƙumba wurin da jikinsu bai san shi ba. Igiya ta yi nasara ne don ta ba tsutsa abubuwa biyun da gwajin keji ya nuna take buƙata. Irin 2016 ya isa gargaɗi cewa dangantakar sanyi da iri rinjaye ce a tsawon shekaru, ba doka ce ta kowace shekara ba, kuma ba a gina sana'a ko tsarin kariya a kan hasashen shekara guda.

Rufe fili ya yi aiki, amma sai da ya ci shekara goma, kuma duk wanda ya auna shi a 1997 zai ce ya faɗi. A kwazazzabai hujjar ta fi rauni, tun da tauraron teku ba ya karanta dokar rufewa, kuma gishirin ruwa ya fi shinge tasiri a kan inda shimfiɗa za ta daɗe. Wurin da ya rage a matsa shi ne gonar kanta. Kilo ɗaya na iri bai cika ba da fiye da kilo biyu zuwa uku na ƙumbar kasuwa ba, alhali kowace ƙumba na ninka nauyinta sau da yawa kafin girbi, wato mafi yawan abin da aka watsa a gona yake mutuwa. Lokacin da iri ke zuwa da araha daga koma ba wanda ya damu da wannan asara. Da kuɗin igiya a kansa, ƙananan kamfanonin iyali ba za su kai 2029 ba sai sun rage ta.